Batirin Babbar Tocila: Wanne Ya Dace da Aikin Dare?

Idan damina ta ɗauke, aka gama kwashe masara da dawa, aikin manomin ƙasar Ɗanja bai ƙare ba, fadama ya koma. Daga watan Nuwamba har zuwa faɗuwar ruwan sama, tumatir da attaruhu da albasa da rake su ne ke riƙe da wannan yanki na kudancin Jihar Katsina, kuma wani kaso mai yawa na wannan aiki da dare ake yin sa. Mai ban ruwa yakan so ya tayar da injinsa bayan isha'i ko kafin asuba, lokacin da rana ba ta shanye ruwan. Mai kaya a gona yakan kwana gadi. Masu lodin kwandunan tumatir sukan kai tsakar dare a gindin mota. Ga kuma 'yan sintiri, waɗanda aikinsu ya ƙaru tun da matsalar tsaro ta addabi wannan shiyya. Duk waɗannan mutane abu ɗaya ne ba ya rabuwa da hannunsu, shi ne babbar tocila.

Tocilar da ta mutu a ɗaki abin haushi ce kawai. Wadda ta mutu da ƙarfe biyun dare a tsakiyar rake, inda kububuwa da kasa ke kai-kawo, lamarinta ya wuce haushi. Duk da haka, yawancin masu tocila, ko a kasuwar Ɗanja ko ta Funtuwa ko ta Malumfashi, ba su wuce su ce wa mai tireda, "Malam, a ba ni batir mai ƙarfi." Shi kuma sai ya miƙo wanda yake da shi. Alhali kuwa babu wani batir da yake mai ƙarfi a kowane hali. Akwai dai wanda ya dace da cin tocilar da kuma tsawon daren da za a yi da ita, akwai wanda bai dace ba.

Abin da ya canja a cikin tocila

Tocilar da, wadda dattawa suka saba da ita zamanin batirin Berec, ƙwanta na da wani siririn zaren ƙarfe ne a ciki. Lantarki na ratsa zaren, ya yi zafi har ya yi fari, ya ba da haske. Mafi yawan ƙarfin batir a zafi yake tafiya, ɗan kaɗan ne ke zama haske. Amma wannan ƙwai yana da wani hali mai kyau: idan batir ya fara sanyi, hasken yakan yi ja-ja sannu a hankali, mai tocila ya san lokacin komawa gida ya yi.

Ƙwan LED ba shi da zare. Wani ɗan ƙanƙanen sinadari ne da ke fitar da haske kai tsaye idan lantarki ya ratsa shi. Nick Holonyak ya ƙera mai jan haske a Amurka a 1962, amma mai shuɗin haske ya gagari masana har farkon shekarun 1990, lokacin da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka ci nasara a Japan, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2014. Farin hasken da ake gani a tocilar yau shuɗi ne aka lulluɓe da wani sinadari mai rawaya, haɗuwar biyun ta ba da fari. Da ƙarfin lantarki iri ɗaya, ƙwan LED yana ba da hasken da ya kai ninki goma na tsohon ƙwai.

Sai dai yana da tsirfa. Farin ƙwan LED yana bukatar kimanin bolt 3 kafin ya yi aiki sosai. Idan abin da ke zuwa masa ya gaza haka da ɗan kaɗan, hasken ya faɗi ƙwarai. Idan kuwa ya haura da ɗan kaɗan, sai ya zuƙi lantarki fiye da kima, ya yi zafi, ya ƙone. Saboda haka kowace tocilar LED tana da wani abu da ke tsakanin batir da ƙwai yana yi masa linzami. A tocila mai araha, wannan abu ɗan birki ne kawai da ke rage gudun lantarki, don haka haskenta yana bin halin batir, yau da ƙarfi, gobe dishi-dishi. A tocila mai tsada kuwa akwai wata 'yar na'ura da ke tsayar da haske a mataki guda. Batir na rauni, ita tana ƙara matsa masa, har ya ƙare ƙarƙaf. Irin wannan tocila takan mutu farat ɗaya ba sallama. Ya kamata mutum ya san wace iri ce a hannunsa tun kafin ya shiga fadama.

Ma'auni uku, da na huɗu da ba a rubutawa

Wanda ya san ban ruwa ba zai sha wuyar gane batir ba. A ɗauki batir a matsayin tankin ruwa da aka ɗora a kan tudu. Tsayin tudun, wato ƙarfin da ruwa ke turowa da shi, shi ne bolt, wanda ake rubutawa da harafin V. Yawan ruwan da ke gudana a tiyo a kowane lokaci shi ne amfiya. Girman tankin kuwa shi ne lambar da ake gani tare da haruffan mAh. Batir mai 2,000 mAh, a rubuce, zai iya ba da amfiya ɗaya har awa biyu, ko rabin amfiya har awa huɗu. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, wato cin tocilar. Idan aka ninka wat da awoyin da aka yi tana kunne sai a sami wat-awa, wanda shi ne ainihin abin da aka ɗiba a tankin.

Akwai ma'auni na huɗu, kuma a babbar tocila ya fi sauran muhimmanci, ko da yake ba a buga shi a jikin batir. Wannan shi ne faɗin bakin tankin, abin da masana ke kira tirjiyar cikin batir. Tanki biyu suna iya zama girmansu ɗaya, amma ɗaya bakinsa kamar na tulu, ɗaya kamar na randa. Mai ɗibar ruwan sha ba zai ga bambanci ba. Mai son cika kwarin tumatir cikin gaggawa shi zai gani. Rediyo mai ɗibar ruwan sha ne, babbar tocila kuwa mai ban ruwa ce. Idan aka matsa wa batir mai ƙuncin baki, bolt ɗinsa yakan faɗi nan take, wani ɓangare na ƙarfinsa ya tafi a zafi a cikin cikinsa, tocila ta dushe alhali da sauran sinadari a ciki. Wannan ne dalilin da ya sa batirin da tocila ta ƙi yakan yi makonni yana aiki a rediyo.

Manyan batura biyu masu kama da juna

Babban batirin da aka fi sani, wanda ake kira girman D, tsawonsa kimanin milimita 61 ne, kaurinsa 34. Iri biyu ake samu a tireda, duka an rubuta musu 1.5V, kuma a ido ba su da bambanci. Bambancin yana cikin wata 'yar lamba da aka buga a gefe. Idan an rubuta R20, na tutiya da gawayi ne. Idan an rubuta LR20, na alkalin ne. Harafin L ɗin nan shi kaɗai ya isa shaida. Haka abin yake ga ƙananan batura: R6 da LR6 ga girman AA, R03 da LR03 ga girman AAA.

Batirin tutiya da gawayi shi ne dattijon batura. Asalinsa daga wanda Georges Leclanché ya ƙirƙiro ne a Faransa a 1866, kuma irinsa ne Tiger Head na garin Guangzhou na ƙasar Sin, wanda ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma. Gwangwanin tutiya ne, a tsakiyarsa sandar gawayi, kewaye da ita baƙin garin manganis, da wani jiƙaƙƙen sinadari mai gishiri. Gwangwanin nan ba mazubi ba ne kawai, shi ne abincin batirin. Yayin da ake aiki da shi tutiyar na cinyewa, bango na sirancewa, har ya huje ya fara yoyo. Bakin tankinsa ƙunci ne da shi. A rediyo ko agogon bango ko 'yar fitilar ɗaki yana biyan kuɗinsa sarai. A babbar tocila kuwa ba ya bayar da ko rabin abin da ke cikinsa. Ba a ruɗu da kalmomin yabo da ake bugawa a jikinsa da manyan haruffa ba. Muddin lambar R20 ce, dangin nan ne, sai dai wani ya ɗan fi wani.

Na alkalin ya shigo kasuwa a ƙarshen shekarun 1950, bayan aikin Lewis Urry a kamfanin Eveready. Shi ma tutiya da manganis ne, amma an niƙe tutiyar ta zama gari, an zuba ta a tsakiya, gwangwanin kuwa na ƙarfe ne. Gari ya fi falle saurin narkewa, kamar yadda sukarin gari ya fi dunƙulen mazarƙwaila saurin narkewa a koko. Shi ya sa bakinsa ya fi faɗi. Ya kuma fi jure ajiya: yakan yi shekara biyar zuwa goma, na tutiya da gawayi kuwa biyu zuwa uku, kuma zafin tireda mai rufin kwano yana rage wannan wa'adi. Duba ranar ƙarewar aiki da ke gindin batir ba ɓata lokaci ba ne.

Ɗan lissafi zai fito da abin fili, ko da yake ƙiyasi ne, don batura sun bambanta. A ce manomi yana da tocila mai cin wat 3, mai ɗaukar manyan batura uku, yana kunna ta awa huɗu kowane dare. Cinsa ke nan wat-awa 12 a dare. A irin wannan matsi, R20 guda yakan ba da kimanin wat-awa 3, wato uku ɗin ba su cika dare ɗaya da cikakken haske ba. LR20 guda yakan ba da 10 zuwa 12, wato uku ɗin su kai kusan dare uku. A dare 100 na noman rani, lissafin ya nuna batirin R20 wajen 400, na LR20 kuwa ɗari da 'yan kai. Babu manomin da ke sayen batir 400, gaskiya ne. Abin da yake yi shi ne ya haƙura da dusasshen haske dare huɗu cikin biyar. Kuɗin da bai biya mai tireda ba, da duhu ya biya shi. Don haka tambayar da ta dace ba ita ce nawa ne batir ba, ita ce nawa ne awa ɗaya ta haske. Idan LR20 bai kai ninki uku na kuɗin R20 ba, shi ne mai arahar a babbar tocila. Idan ya wuce ninki huɗu, fifikonsa ya koma na tsayayyen haske kawai da ƙarancin sauyi.

Masu caji

Wanda yake aiki da tocila kowane dare, ƙarshenta batir mai caji ne mafitarsa, in dai yana da inda zai yi cajin. Wannan sharaɗi a da yana da nauyi a ƙauyukan Dabai da Kahutu da Tandama. Yanzu ya yi sauƙi, domin ko inda wutar KEDCO ba ta kai ba, ko ta kai ba ta zama, akwai masu shagon cajin waya, akwai kuma ƙananan faifan sola.

Na farko a cikinsu shi ne na nikel, mai alamar NiMH, wanda ya shiga kasuwa wajen 1989. Girmansa ɗaya da na tireda, don haka yana shiga tsohuwar tocila ba tare da an canja komai ba. Abin da ke sa mutane shakka shi ne 1.2V da aka rubuta masa a maimakon 1.5V. Shakkar ba ta da tushe sosai. Batirin alkalin a farkon sa'o'insa ne kawai yake 1.5, daga nan gangara yake yi, har rabin rayuwarsa ta wuce a ƙasa da 1.2. Na nikel kuwa yana tsayawa a kan 1.2 kusan har ƙarshe, kuma bakinsa yana da faɗi ƙwarai. A tocila mai batir uku ko huɗu yana aiki lafiya. A mai batir biyu marar na'urar ɗaga bolt ne kawai 2.4 kan gaza, haske ya yi rauni. Aibinsa na da shi ne zubar da caji yana ajiye, har kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a wata, fiye da haka ma a lokacin bazara. Tun 2005, da kamfanin Sanyo ya fito da Eneloop, ake samun irin da ke riƙe mafi yawan cajinsa har shekara. Abu guda za a kula da shi: babban batirin nikel na gaske yana ɗauke da 8,000 zuwa 10,000 mAh, kuma yana da nauyi a hannu. Akwai wanda girmansa D ne amma an rubuta 2,500 ko 3,000. Wannan ƙaramin batir ne aka sa wa babbar riga.

Na biyu shi ne na dalma, wanda ke ɓoye a cikin yawancin manyan tocilolin roba masu hannu da ake soka wa a bango. Ƙaramin ɗan'uwan batirin mota ne, mai bolt 4 ko 6. Koken da aka fi yi a kansa shi ne ba ya wuce 'yan watanni. Laifin rabi na ƙira ne, rabi na riƙo. Batirin dalma ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf, kuma ba ya son a bar shi a zuƙe. Idan ya kwana biyu babu caji, wani farin sinadari yakan daskare a kan farantan dalmar, ya toshe su, kuma ba ya komawa. Maganar da ake yi cewa a bar batir ya ƙare tukuna kafin a yi masa caji, daga wani tsohon batirin nikel ta samo asali, ga na dalma kuwa guba ce. Ta ɗaya gefen kuma, masu arahar cikin tocilolin nan ba su da abin da ke yanke caji idan batir ya cika, sai a bar su a wuta kwana da yini, ruwan cikinsu ya ƙafe. Dokarsa ita ce a yi masa caji da safen daren da aka yi aiki da shi, a cire shi bayan awoyin da aka rubuta a kwali, kuma ko da damina, lokacin da tocilar ke rataye, a riƙa ɗan yi masa caji wata-wata.

Na uku, wanda ya mamaye sababbin tociloli, shi ne na litiyam. Kamfanin Sony ya fara sayar da shi a 1991, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel saboda shi. Wanda aka fi gani shi ne mai lamba 18650, kuma lambar awonsa ce: kauri milimita 18, tsawo 65. Bolt ɗinsa 3.6 ko 3.7 ne, ya kai 4.2 idan ya cika, wato shi kaɗai ya ishi ƙwan LED. Mai 3,000 mAh yana ɗauke da kusan wat-awa 11, daidai da abin da LR20 ke bayarwa a babbar tocila, alhali nauyinsa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na LR20 ba, ga shi kuma ana iya cika shi sau 300 zuwa 500. A nan ne ake ganin amfanin lissafin wat-awa: idan aka dubi mAh kawai, sai a ce 3,000 bai kai 8,000 ba, an manta tudun wannan tanki ya ninka na wancan sau uku. Tocilolin da ke karɓar ko 18650 guda ko ƙananan AAA uku a cikin ɗan keji, da na litiyam ɗin aka yi nufin su. AAA uku ba su kai ko rabinsa ba, na ranar da aka rasa ne.

Kyan nan nasa ne ya jawo masa 'yan jabu. Mafi kyawun 18650 da manyan kamfanoni ke ƙerawa yana wajen 3,500 mAh ne, sababbi ƙalilan suka ɗan haura haka. Duk wanda aka ga an rubuta masa 6,800 ko 9,900, ƙarya ce tsagwaronta, kuma sau da yawa abin da ke cikinsa bai kai 1,000 ba. Hannu ma yana iya tona asirinsa, domin na gaske yana da nauyin giram 45 zuwa 50, na jabu kuwa sakayau yake. Wanda aka rubuta wa 2,600 ya fi cancantar a yarda da shi. Haka kuma batun haske, wanda ake aunawa da lumen. Ƙwan LED mai kyau yana ba da lumen 100 zuwa 150 a kowane wat. Tocilar da kwalinta ya ce lumen 100,000 ke nan za ta buƙaci wat ɗari bakwai zuwa dubu, cin dutsen guga, daga batir mai girman ɗan yatsa. Hatta awoyin da kamfanonin kirki ke rubutawa suna bukatar fassara: a ƙa'idar FL1 da aka fitar a Amurka a 2009, ana ci gaba da ƙirga lokaci har sai haske ya koma kashi goma cikin ɗari na farkonsa.

Batirin litiyam yana da fushi, kuma cikin waɗannan shi ne ya fi saurin kama wuta. Ba a sa shi a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi. Idan ledar jikinsa ta yage, a ajiye shi, domin duk gwangwanin gefe ɗaya ne na lantarki, taɓa ƙarfen tocila kaɗai ya isa ya haɗa wuta. Ba a yi masa caji a kan katifa, ko a rana, ko a ƙarƙashin kwano da tsakar ranar watan Afrilu, domin iyakar zafin da aka yarda a yi masa caji a ciki digiri 45 ne. Wanda ya kumbura ko ya lotsa ya gama aiki. Waɗanda ake cirowa daga matattun baturan kwamfuta ana sayarwa ɗai-ɗai, wasunsu na da sauran rai, amma ba su da na'urar kariya, kuma bai kamata a jera biyu daga cikinsu a tocila ɗaya ba. Akwai kuma wani tarko: batirin litiyam mai lamba 14500 girmansa ɗaya da AA, amma bolt ɗinsa ya ninka sau biyu da rabi. Wanda ya sa shi a tocilar AA zai ga haske mai ban mamaki na ɗan lokaci, daga nan ƙwai ya ƙone. Idan za a ajiye na litiyam tsawon damina, rabin caji ya fi masa, a wuri mai sanyi.

Sabo da tsoho a tocila ɗaya

Batura a cikin doguwar tocila jere suke kai da gindi, kamar gaɓoɓin rake. Bolt ɗinsu ne ke haɗuwa, uku su ba da 4.5, amma lantarkin da ke ratsa na farko shi ne ke ratsa na ƙarshe. Ma'anar wannan ita ce mafi raunin cikinsu shi ke yanke hukunci. Mai huɗa ya san abin da ke faruwa idan aka haɗa ƙosasshen sa da ramamme a karkiya ɗaya: huɗar ba ta miƙe ba, ramammen kuma ya jigata. Idan aka sa sababbi biyu da tsoho ɗaya, tsohon zai riga ƙarewa, sa'an nan sababbin su ci gaba da tura lantarki ta cikinsa ta baya. Iska takan taru a cikinsa, ta fasa marufi, ya yi yoyo a cikin tocila. Wanda ya yi haka don tsimin batir ɗaya, sau da yawa tocilar ya rasa. A canja su gaba ɗaya, iri ɗaya, kamfani ɗaya. Tsofaffin a ba rediyo.

Idan yoyon ya riga ya faru, maganinsa ya danganta da irin batirin. Farin garin da alkalin ke bari dangin sinadarin da ke cikin ruwan toka ne, don haka abu mai tsami ke karya shi: a ɗiga ruwan lemon tsami a auduga a goge. Yoyon R20 kuwa shi ne mai tsamin, ɗan ruwan kanwa ya fi dacewa da shi. A kowane hali a kiyaye ido, a wanke hannu, a kankare tsatsar sifirin, a bar tocila ta bushe sarai. Sifirin mai tsatsa ƙarin ƙunci ne a bakin tanki, kuma tociloli da yawa da ake zargin batirinsu, datti ne kawai a mahaɗarsu.

Al'adar shanya batir a rana, ko ƙwanƙwasa shi da dutse, tana da ɗan kamshin gaskiya. Zafi yana hanzarta aikin sinadarai, hutu yana ba su damar sake bazuwa a ciki, bugu kuma yana motsa su. Shi ya sa batirin kan farfaɗo na ɗan lokaci. Amma ba a ƙara masa komai ba, ragowar ƙasan tanki aka karkato, kuma bugun yana gaggauta hujewar gwangwani. Darasin da ke ciki mai amfani shi ne na hutun: batirin R20 ya fi bayarwa idan ana kunnawa ana kashewa fiye da a bar tocila a kunne awa huɗu a jere.

Akwai wata hanyar tsimi da ta fi duk waɗannan, kuma ba ta cin ko kwabo. Idon ɗan Adam ba ya auna haske kamar sikeli. Idan aka rage haske da rabi, ido ɗan ragi kaɗan yake gani. Bugu da ƙari, ido yakan saba da duhu cikin minti 20 zuwa 30, haske mai ƙarfi kuwa yana rushe wannan sabo nan take. Lumen 30 sun isa a ga hanya, a ga tiyo, a ga abin da ke kwance a kunya. Babban haske na hango bakin gona ne idan an ji motsi. Tocilar da ke da matakin ƙaramin haske, idan aka zauna a kansa, batirin dare ɗaya sai ya yi mako, kuma a wannan mataki ko R20 ma yana iya bayar da mafi yawan abin da ke cikinsa.

Sauran magana ita ce inda mataccen batir ke ƙarewa. A ƙauye yakan bi shara zuwa juji, jujin kuma a kwashe shi a kai gona a matsayin taki. Yara sukan fasa R20 don sandar gawayi, a da ma da baƙin garinsa ake shafe allon makaranta. Garin nan manganis ne, ba abin shaƙa ko kaiwa baki ba ne. Na dalma ya fi muni nesa. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda ƙurar dalma daga fasa tsofaffin baturan mota, kuma mutanen Arewa ba su manta da abin da dalmar ma'adinin zinariya ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba. Batirin tocila mai caji ƙarami ne, amma dalmar cikinsa ita ce dai. Ba a fasa shi a gida, ba a jefa shi a wuta ko kusa da rijiya. A haɗa shi da tsofaffin baturan mota da na babur a kai wa masu sayensu. Na litiyam kuwa a liƙe kansa da gindinsa da salatif, a tara a gwangwani mai murfi, nesa da murhu da hannun yara.